Haya da Sunana, Bashi a Wuyana: In Zauna ko In Tashi?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a Jami'ar Bayero, iyayena suna Funtuwa. Bara ban samu gado a hostal ba, sai muka haɗu mu huɗu muka kama ciki da falo a Danbare a kan naira 480,000 a shekara, kowa 120,000. Ni na samo gidan, ni na sa hannu a takarda, don haka ni kaɗai mai gida ya sani. Ranar biya, ƙawata tun ta sakandare ta ba da 50,000, ta ce in cika mata sauran, za ta ba ni idan babanta ya sayar da amfanin gona. Na cika daga kuɗin abincina. Yau wata goma ke nan ko maganar ba ta tayar ba, ga shi kuma ta canza waya, ba a yin anko babu ita. Ta biyun ta kawo 'yar ƙanwar mamanta da sunan kwana biyu, yanzu wata huɗu tana nan, ba ta ba da ko sisi. Kuɗin wuta da ruwa da gas kullum ni ke fara fitarwa, sai na yi ta bi kafin a mayar min da rabi. Yanzu mai gida ya ce haya ta koma 600,000, saura sati shida wa'adi ya cika, jarrabawa kuma saura sati uku. Babana bai san komai ba, kuma mamata da mamar ƙawar tawa aminan juna ne. In tashi in bar musu gidan ne, ko in zauna? Kuma yaya zan karɓi kuɗina ba tare da zumunci ya lalace ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na fi lura da shi shi ne abin da babu a cikinta. Ba ki ce kin taɓa zaunar da ƙawarki kin ce ta ba ki kuɗinki ba. Ba ki ce kin taɓa tambayar ta biyun yaushe baƙuwarta za ta tafi ba. Kin yi ta jira su gane da kansu, su kuma shirunki ya zame musu izini. Ba na ganin laifinki, haka aka tarbiyyantar da yawancinmu, mace ta tambayi bashi sai a ce ta cika son abin duniya. Amma ki duba inda kunyar ta kai ki: kin ci bashin cikinki kin biya wa wata haya, kina ciyar da mitar mutum biyar, kuma idan wani abu ya taso a gidan nan, sunanki kawai ke kan takarda. Sati shidan da suka rage su ne damarki mafi girma, domin lokacin sabunta haya ne kaɗai kowa ke yarda a buɗe lissafi ba tare da an ce kin tsiro da fitina ba.

Kada ki ce sai an gama jarrabawa. Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe kowa zai ɗauki jakarsa ya nufi tasha, ke kuma a bar ki da mai gida da wayarsa. A yi maganar nan a ƙarshen makon nan, a gama, ki samu kan yin karatu.

Ki fara da ƙawarki, ku biyu kawai. Ba a ɗaki gaban sauran ba, ba kuma a zauren WhatsApp na gidan ba. Ki ja ta bayan lakca ku samu inuwa a cikin makaranta, ki faɗa mata kai tsaye, ba da habaici ba, ba da dogon share fage ba. Abin da za ki ce bai fi haka ba: "Kin san 70,000 ɗin nan da na cika miki bara daga kuɗin abincina na cire. Ga haya ta zagayo, ba ni da hali. Ina so mu tsayar da yadda za ki biya ni, ko da kaɗan-kaɗan ne." Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta yi magana. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ki ce "ai ba komai, duk lokacin da kika samu." Ki danne wannan kalmar, ita ce ta kawo ki wata goma.

Maganar waya da anko kuwa, ki bar ta a cikinki. Na san ita ce ta fi ci miki rai, amma da zarar kin ambace ta zance ya tashi daga bashi ya koma "ashe sa min ido kike yi," kuma daga nan ba a dawowa. Wataƙila wani ne ya saya mata wayar. Wataƙila kuma babanta ya sayar da masarar kuɗin suka tafi a bashin taki, ta ji kunyar faɗa miki. Wataƙila ma ya ba ta 120,000 ɗin cif tun bara ta yi wata hidimar da su, wanda idan haka ne, tsoronta kada magana ta kai gida ya fi naki. Ba za ki san wanne ne ba sai ta buɗe baki. Addini ma ya raba hukuncin gida biyu: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa ya samu sauƙi, hadisi ingantacce kuma ya ce jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Idan babu ce ta hana ta, ki sassauta mata da zuciya ɗaya. Idan akwai take ja miki rai, ki sani neman haƙƙinki ba rashin mutunci ba ne.

Duk yadda kuka yi, a sa adadi da rana. "In sha Allahu zan ba ki" ba tsari ba ne. 10,000 duk wata na wata bakwai tsari ne. Idan tana karɓar kuɗin wata-wata na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, wanda aka fara tun 2024 ana ba ɗalibi 20,000 a wata, rabinsa ya ishe ta fita daga bashinki kafin shekara ta zagayo. Idan ba ta nema ba, ki nuna mata hanya, bashi ne marar ruwa da ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Bayan kun rabu, ki tura mata saƙo mai taushi: "Kamar yadda muka yi ɗazu, saura 70,000, za ki riƙa turo 10,000 duk ƙarshen wata daga wata kaza. Na gode." Ta amsa da "to" ma ya wadatar. Idan ta ce me ya kawo rubutu tsakaninku, ki tuna mata ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan surar dai, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ce ban da aminai ba. Kuɗin kuma su riƙa shigowa ta asusun banki, yadda ba za a wayi gari ana "na ba ki a hannu ranar nan, kin manta ne" ba.

Abu guda da zan ja miki kunne a kai da ƙarfi: kada ki haɗa tsohon bashi da sabuwar haya. Na bara a biya shi a hankali, na yarda. Na bana kuwa, ba za ki cika wa kowa ko naira ɗaya ba. Wadda ba ta iya kawo 120,000 bara ba, ki tambayi kanki ta ina 150,000 za ta fito bana. Gara ta faɗi gaskiya yanzu, ta nemi gado a hostal ko wurin da ya fi sauƙi, ku ci gaba da zumuncinku daga nesa, da a sake maimaita abin da ya faru bashin ya zama ninki biyu.

Sai baƙuwa. A nan ba yarinyar za ki tunkara ba, wadda ta kawo ta ita ce mai amsa tambaya. Annabi (SAW) ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ne, sadaka kuwa ba a yin ta da aljihun wani ba da yardarsa ba. Wata huɗu ba baƙunci ba ne, zama ne. Kuma akwai abin da ya fi kuɗi a ciki. Ɗaliba ce? Iyayenta sun san a nan take? Mai gida ya san ku biyar ne? Da yawan takardun haya na unguwannin ɗalibai suna ƙayyade yawan masu kwana a ɗaki, ko su hana saka wani ba da izini ba. Ki ɗauko taku ki karanta layi-layi. Idan akwai wannan sharaɗin, ke ce kika karya shi a idon mai gida, ko da ba ke kika kawo ta ba. Allah ya kiyaye, in rashin lafiya ya kama ta da tsakar dare, ko wani abu ya ɓata a gidan aka fara nuna yatsa, ke za a fara kira.

Amma ki yi wannan lissafin kafin ki yanke cewa tafiyarta ce mafita. 600,000 a raba huɗu, kowa 150,000. A raba biyar, kowa 120,000, daidai abin da kuka biya bara. Wato idan yarinyar nan mai hankali ce, kuna zaman lafiya da ita, kuma iyayenta za su biya, to shigar da ita a matsayin cikakkiyar 'yar haya ya shanye ƙarin da mai gida ya yi gaba ɗaya. Ko kuma, idan ƙawarki ba za ta iya ci gaba ba, ga wadda za ta maye gurbinta tana kwance a falonku. Ni dai mutum biyar a ciki da falo da banɗaki ɗaya, a zafin Kano na watan Afrilu, ba abin da zan yi wa kowa sha'awa ba ne, amma kun riga kun gwada wata huɗu, ku kuka san ko zai yiwu. Zaɓin da babu shi shi ne ta ci gaba da zama a haka. Ko ta shiga lissafi da sanin mai gida, ko a sa mata ranar tafiya. Kuɗin wata huɗun da suka wuce kuwa, shawarata ki yafe. Ba a yi sharaɗi da ita ba tun farko, kuma binsa zai ci miki ƙarfin da kike buƙata wajen abin da ya fi shi.

Wuta da ruwa da gas su ne ƙananan abubuwan da ke kashe zaman tare, domin kullum ne, kuma kowa gani yake shi ake cuta. Laifin tsarinku ne: mutum ɗaya ya biya sannan ya bi saura. A juya shi. Farkon kowane wata kowa ya zuba adadin da kuka yanke a asusu guda, kafin a sayi komai, daga ciki ake sayen katin wuta, a biya ɗan garuwa, a cika tukunyar gas. A samu ƙaramin littafi a rataye bayan ƙofa, duk abin da aka fitar a rubuta da kwanan wata. Kuma riƙon asusun ya riƙa zagayawa, wannan watan wance, wata mai zuwa wance. Ki tabbata ba ke kika fara ba. Wadda ta taɓa tsayawa da ɗan garuwa yana jiran kuɗin jarka shida asusu babu komai, ba sai an sake yi mata wa'azin biya da wuri ba.

A kan wutar, bari in ba ki abin da zai kashe gardama. Cajin waya da kwan fitila da fanka ba su ne ke cinye kati ba. Fanka ta yi awa goma tana juyawa ba ta kai yunit ɗaya ba. Masu shan wuta su ne duk abin da ke yin zafi: rishon lantarki, hitar dafa ruwa, dutsen guga. Kowannensu yana iya cin yunit ɗaya ko fiye a awa guda. Tun da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, masu layin rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, suka koma biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, mai dafa wake a rishon lantarki ba ƙaramin rami take yi wa asusu ba. Ba sai kun yi musu ba: ku duba lambar da ke fuskar mita, a kunna rishon awa ɗaya, a sake dubawa. Daga nan ko a bar girki ga gas, ko mai amfani da shi ta ƙara wani abu a kan kasonta. Idan kuma mitar ɗaya ce da sauran 'yan hayar gidan, ku nemi mai kula da gida ya riƙa nuna muku rasit ɗin kamfanin wuta na KEDCO duk sayen da aka yi.

Abinci ban ga kin yi ƙorafi a kai ba, don haka ba zan tsokano ba. Idan tukunya ɗaya kuke yi kuma tana tafiya, ku bar ta.

Yanzu mai gida. Ƙarin 120,000 a kan 480,000 kashi 25 cikin ɗari ne, kuma ki sani a doka ƙarin haya tayi ne mai gida ya yi, sai ɗan haya ya amince yake zama yarjejeniya. Ba wai za ki iya tilasta masa ya bar ku a tsohon farashi ba, gidansa ne, amma akwai wurin ciniki. Ku je ku biyu ko uku, in da hali da wani babba naku da ke Kano, kawu ko yayan wata a cikinku, domin a gaskiya ana yi wa ɗalibai mata kallon waɗanda ba za su ja ba. Ku tuna masa kun biya bara a dunƙule, ba ku ɓata masa gida ba, ba a taɓa kawo ƙararku ba. Ku nemi ragi. In ya ƙi, ku nemi biya kashi biyu, ko a gyara abin da ya lalace kafin ku biya, famfo ne, ƙofa ce, yoyon rufi ne. Idan wani ya ce ku sake ba da la'ada, ku ce a'a cikin ladabi. La'adar dillali ta shiga gida ce, ba ta sabuntawa ba.

Ki kuma duba ko takardarku ta ce shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza. Idan haka ne, haya tana ƙarewa da kanta ranar da wa'adin ya cika, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya ba da notis na kwana bakwai sannan ya nufi kotu. Notis na wata shida da kike ji ana faɗa na mai hayar shekara-shekara ne wanda takardarsa ba ta yanke wani wa'adi daban ba. Ko ta wane hali, doka ba ta ba mai gida ikon watso muku kaya waje, ko cire ƙofa, ko sa kwaɗo ba, sai da umarnin kotu. Na faɗa miki wannan ne don kada a razana ki, ba don ki zauna a gidan mutum ba biya ba.

Sabuwar takarda kuwa, kada ki yarda ta fita da sunanki ke kaɗai. Sunan kowa, lambar wayar kowa, da kason kowa, kowa ta sa hannu, kowa ta ɗauki hotonta a waya. Kowa ta tura kuɗinta kai tsaye asusun mai gida, ba ta hannunki ba, kuma ku ji lambar asusun daga bakinsa, ba daga bakin ɗan aike ba. Ku sa wa kanku ranar da ta riga wa'adin mai gida da sati biyu: wadda kuɗinta bai shiga ba zuwa ranar, ta ba da wuri a nemi wata. A farkon zango masu neman wurin kwana kusa da sabon mazaunin jami'ar ba sa yankewa, cike gurbi a Danbare ba zai yi muku wuya ba.

A wannan zaman dai ku yi maganar da ɗalibai ba sa son yi sai ta faru. Haya ba ta san hutu ba, ba ta san yajin aiki ba. Waɗanda suka riga ki shiga jami'a za su ba ki labarin 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tafi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba: wata takwas ɗakuna na kulle, ɗalibai na gida, aka dawo aka tarar haya ta ƙare ko tana dab da ƙarewa. Ku amince tun yanzu cewa wadda ta biya ta biya, ba a mayar da kuɗi don an rufe makaranta. Ku 'yan aji uku ne ko kusa da haka, wataƙila a cikinku akwai mai tafiya SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, ko koyon koyarwa na watanni a wani gari. Za ta bar gurbinta a haka ne, ko za ta sa wata? In za ta sa, sai da yardar sauran da ta mai gida, ba a dawo daga lakca a tarar da baƙuwar fuska a kan katifa ba. Baƙo na kwana kuma a sa masa iyaka, kwana uku ko sati, abin da ya wuce haka a zauna a yi magana. Duk wannan bai fi shafi ɗaya na littafin bayan ƙofa ba.

Batun Baba. Ki faɗa, kuma kafin ki nemi kuɗin bana. Shi ke cire kuɗin nan daga guminsa yana zaton abinci kike ci da su, yana da haƙƙin sanin inda suka tafi. In bakinki ba zai iya da shi ba, ki bi ta wajen Mama, amma ki roƙe ta abu ɗaya: kada ta kira aminiyarta tukuna. Ki ce mata kun yi tsari, a ba shi wata biyu a gani. Idan iyaye mata suka shiga tun yanzu, bashin 70,000 zai zama rigimar gida biyu a Funtuwa, ƙawarki kuma za ta ji kin tona mata asiri kafin ki ba ta dama. In wata biyu suka wuce ba ta turo komai ba kuma ba ta ce komai ba, a nan Mama za ta iya ɗaga waya cikin hikima, irin ta "yaran nan ashe akwai ɗan lissafi tsakaninsu." Za a yi miki faɗa a gida, wannan ki sa a ranki. Faɗan yini ɗaya ne.

Abin da ba za ki yi ba, ko ranki ya kai maƙura: kada ki riƙe mata waya ko kaya a madadin kuɗi, kada ki hau status kina jifa da zance, kada ki kai ta wajen 'yan sanda. Bashi ba laifin da ake kama mutum a kai ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum saboda irin wannan. Akwai masu sulhu, akwai Hisba, akwai kotun ƙananan basussuka, amma tsakanin 'yan gari ɗaya da iyayensu ke zumunci, ban ga abin ya kai can ba. In ƙarshe ya zama ba za ta biya ba, ki zaɓa da kanki: ko ki bar wa manya, ko ki yafe ki faɗa mata kin yafe. Wanda ba na so shi ne na tsakiya, a ce an bari a baki, zuciya kuma tana ƙirgawa duk ranar da aka ga ta ɗinka sabon kaya.

Kin tambaya ko zumunci zai tsira. Ba zan yi miki alkawari ba. Zai iya yin sanyi na ɗan lokaci, ta daina yi miki hira, ta koma cin abinci ita kaɗai. Ki ci gaba da gaishe ta, ki tashe ta sallar asuba kamar yadda kuka saba, ki ajiye mata handaut in ba ta je aji ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma ki lura, zumuncin da kike tsoron ɓatawa ya riga ya fara ciwo, tunda har kin san ranar da ta canza waya da adadin ankon da ta yi. Maganar ce za ta ba shi damar warkewa.

To, ki zauna ko ki tashi? Ni a ganina ki zauna, muddin abu uku suka tabbata zuwa ranar da kuka sa: kowa ta tura kasonta, takarda ta fita da sunan kowa, an san matsayin baƙuwa. Tashi ba arha ba ne. Sabon wuri yana nufin hayar shekara a dunƙule, da la'ada wadda yawanci kashi goma cikin ɗari ce, da kuɗin takarda, wani wurin har da kuɗin ajiya na ɓarna, ga kuɗin kwashe kaya. In kika matsa zuwa Rijiyar Zaki ko Dorayi ko Kabuga, abin da kika rage a haya adaidaita sahu zai karɓe shi safe da yamma, kin dai ga yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Danbare kuwa tsallaka titin Gwarzo kawai za ki yi. Sannan sababbin abokan zama ba ki san halinsu ba, waɗannan kuwa kin san iyakar matsalarsu.

Duk da haka ki shirya wa ɗayar hanyar tun yau, don kada ki shiga zaman nan a matsayin wadda ba ta da mafita. Ki sa ido a kan ranar da za a buɗe neman gadon hostal ki nema da wuri. Ki tambayi 'yan ajinku ko akwai masu neman ta uku ko ta huɗu. In za ki duba wani ɗaki, kada ki tura wa kowa kuɗi a kan hoto. Ki je da ƙafarki, ki ga mai gidan ko wanda maƙwabta suka shaida wakilinsa ne, ki duba bango ko akwai shatin ruwan damina, ki tambayi 'yan hayar da ke ciki yadda ruwa da wuta da tsaro suke, ki kuma tambaya ko akwai tsohon bashin wuta a kan mitar, domin ana cire shi ne daga katin da za ki riƙa saya.

Idan ta kai ga tashin, ki tashi da tsabta. Ki sanar da mai gida a rubuce cewa ke ba za ki sabunta ba, in sauran za su zauna ya yi sabuwar takarda da su. Kada ki kwashe kaya ki bar sunanki a baya, don duk abin da ya biyo baya ke za a nema. Ki ɗauki hoton ɗakin da lambar mita ranar da za ki fita, ki miƙa makullinki hannu da hannu a gaban shaida. Kayan da kuka haɗa kuɗi kuka saya, tukunyar gas, fanka, ledar ƙasa, labule, bokitai, ku yi musu kuɗi tun a zaman ƙarshen makon nan, a rubuta wanda ya ba da nawa, ta yadda mai fita za a ba ta kasonta ko ta ɗauki abu ɗaya a madadinsa. Tukunyar gas ce aka fi yin rigima a kanta, ita za ku fara rubutawa.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ki rubuto min yadda zaman ya kaya.